Littattafan Baba Shekari Masu Zare

A layinmu na Makera kowa da abin da yake faɗa a kan Baba Shekari. Haruna mai gyaran babur cewa yake mutumin ya san farkon komai a duniya, ƙarshen ne kawai bai sani ba. Matan zumunta na coci kan ce gara da bai zama fasto ba, don da ba a taɓa tashi daga sujada ba. Marigayiya matarsa kuwa, lokacin tana raye, takan ce da ita littafi ce da har yanzu bai wuce ranar aurensu ba.

Duk a kan littattafai ne. Tun yana aiki a masaƙa a Kakuri yake tara su: na tarihi, na noma, na taurari, na yadda jikin mutum yake aiki. Zai fara littafi da ɗoki, sai ya iso wurin da ya yi masa daɗi, ya saka guntun jan zare irin wanda ya rage masa daga masaƙa, ya rufe. Daga nan ya fito da kujerarsa gindin mangwaro da yamma ya yi ta ba mu labarin abin da ya karanta, yau ta nan, gobe ta can. Kafin ya gama juya shi, wani littafin ya shigo gida.

Na fi kowa zama a wurin. Da furfurata na shiga ajin manya na coci na koyi karatu, kuma rabin abin da na sani game da duniya a gindin mangwaron nan na tsince shi. Ba na yawan magana, shi kuma abin da yake so ke nan.

Wanda ya fi ƙauna shi ne wani littafi a kan ƙudan zuma, don mahaifinsa ya yi kiwon zuma a ƙauye. Tun 'yarsa Judith tana sakandare ya fara shi. Yanzu ita nas ce, tana aure a Unguwar Mu'azu. Zaren yana wurin da aka bayyana yadda ƙudan zuma yake rawa don ya nuna wa 'yan'uwansa inda furanni suke. In Haruna ya tsokane shi ya ce yaushe za mu ji ƙarshe, sai ya ce shi dai bai gama mamakin rawar ba tukuna.

Da daminar bara rufin ɗakinsa ya fara yoyo. Ya tafi ƙauye jana'izar wani ƙanensa, Judith ta ga dama ta samu, ta zo da kafinta. Yarinya ce mai zafin nama, ba ta barin aiki ya kwana. Aka gyara rufi, aka kafa sabuwar kanta, amma kantar ba ta ɗauke littattafan duka ba. Sai ta raba su gida biyu. Waɗanda babu zare a ciki, wato ya karance su, ta goge ta jera. Masu zare kuwa, tunda an yi shekaru ba a gama su ba, ta ɗauka ba ya so, ta zuba a buhu ta ce wa kafinta ya tafi da su.

Ina tsakar gidan ranar da ya dawo. Ta nuna masa kantar tana murna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi ina sauran. Da ta faɗa masa, sai ya ce waɗannan da ta jera ai su ne ya haɗiye da sauri kamar magani don ya huta da su.

"To Baba, wa zai san haka? Mutum yana son abu ya bar shi shekara da shekaru?"

"Ke ma ban gama sanin ki ba," ya ce. Ya shiga ɗaki.

An nemi kafinta, ya ce ya sauke wa wata mai tuya buhun a hanya, bai ma san sunanta ba. Baba ya ce a bar maganar. Amma kujerar ba ta sake fitowa gindin mangwaro ba. Judith ta zo da farfesu, ta zo da maganin ciwon gwiwa, ta zo da sababbin littattafai masu sheƙi. Yakan yi mata godiya sosai, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ita kuma ta gyara masa gado, ta wanke kwanuka, ta faɗi komai ban da kalmar da ta kamata. Halinsu ɗaya, shi ya sa na ji tsoro; na ga irin wannan shirun ya raba gida.

Wata safiya na je duba ƙanwata kusa da kasuwar Kakuri, na tsaya na sayi ƙosai. Mu da muka koyi karatu da girma ba ma wuce takarda ba mu duba ba, ko ta ƙunshin ƙosai ce. Mai ya jiƙa ta, amma na ga zanen ƙudan zuma. A gefe, da fensir, an rubuta: haka babana yake yi. Na san hannun.

Da na tambayi inda ta samo takardar, mai ƙosan, Maman Becky, ta jawo buhun daga ƙarƙashin teburinta. Ta ce daga farko take yagar kowane littafi, amma da ta iso jan zaren nan sai ta tsaya ta ɗauki wani, don ita ba ta san abin da mai shi ya ƙulla da jan zare ba, kuma ba za ta janyo wa sana'arta masifa ba. Ta ce in na san mai su, don Allah a zo a kwashe.

Da na so, da na ɗora buhun a keke na kai masa da kaina. Na tsaya na yi tunani, sai na wuce Unguwar Mu'azu na faɗa wa Judith.

Da yamma Judith ta iso layinmu, Haruna ya kama mata buhun suka sauke a ƙofar Baba. Ya fito yana gyara tabarau. Ya sa hannu ya ciro ɗaya: babu bango, babu farko, sai jan zare a manne da shafin da ya zama na ɗaya. Ya ciro wani, haka. Na ƙudan zuman yana can ƙasa, yana ƙamshin mai da hayaƙi. Ya buɗe, ya ga rawar tana nan inda ya bar ta, da duk abin da ke bayanta.

Sai ya fara dariya, har yana share ido. Ya ce ashe duk abin da ya karanta mutanen Kakuri sun cinye shi da ƙosai.

"Ai ba asara, Baba," in ji Haruna. "Rabin farkon yana kanmu. Ka cika mana kunne da shi, ko a barci aka tashe ni zan kawo maka."

Ba duka suka tsira ba. Na tarihin jirgin ƙasa ya tafi gaba ɗaya, da alama zarensa ya zame. Baba ya ce a wurin da ake gina gada ya tsaya, ke nan gadar ba za a taɓa gama ta ba. Ya ce duk da haka ya gode wa Allah, ya gode wa matar da ta ji tsoron zare, gobe ma zai je ya gan ta. Ya dube ni ya gyaɗa kai, na gyaɗa. Sannan ya ce wa Haruna ya fito masa da kujera.

Muka zazzauna gindin mangwaro. Judith ce kaɗai a tsaye, tana ta juya hannun jakarta, tana cewa yara na jiran ta a gida. Ba ta tafi ba. Baba ya ɗora littafin a gwiwarsa bai buɗe ba.

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta durƙusa a gabansa, a gaban mu duka.

"Baba, na taɓa maka kaya ban tambaye ka ba, kuma da na ga na ɓata maka rai na kasa faɗa. Ka yi haƙuri. Ka yafe mini."