Kwabbai a Kan Rufi

Rufin ɗakin Mama Naomi a Kurudu ya girmi birnin Abuja, kuma bai taɓa yoyo ba. Lokacin da marigayi mijinta ya buga kwanon, an riga an daina karɓar kwabon Turawa, wannan jan mai huji a tsakiya. Sai ya riƙa zura ƙusa ta hujin, kowace ƙusa da kwabonta, don kada kanta ya yaga kwano.

Ɗanta Enoch ne ya gani a waya wai ana sayen irin kwabon nan da tsada a ƙasashen waje. Shi kuwa Enoch in ya ga abu a waya, to magana ta ƙare. Ya ce zai sayar da su ya yi mata sabon rufi mai launi kafin damina ta kankama. Tsohuwa ta ce rufinta lafiyarsa lau. Ya bari sai da ta tafi coci, ya hau da guduma. Tsohon kwano ba ya son taɓi, duk ƙusar da ya zare sai ta tafi da ɗan yanki.

Washegari ya kai kwabban Wuse, shagon Abdulmajeed mai sayen tsofaffin kuɗi. Abdulmajeed ya zube su a kan ƙyalle, ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu, ya shiga dubawa ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba hira.

"Oga, duk orijina ne fa," in ji Enoch. "Babana ne ya ajiye."

"A ina ya ajiye?"

"A saman gida."

Abdulmajeed ya ɗago kai ya dube shi, sannan ya tura masa guda ɗaya. "Ka ga nan? Shekara ya kamata a gani, ruwa ya cinye ta. Sunan sarkin ya suɗe, tauraron baya ma sai an yi lalube. Wannan guduma ta lotsa shi. Wannan kore-koren kuma ya shiga cikin ƙarfen, in an kankare rami za a tarar. Masu tarawa rubutu suke saye, ba ƙarfe ba."

Ya kasa su kashi uku: waɗanda suka suɗe, waɗanda suka lotse, da waɗanda suka haɗa duka biyun. Kashi na uku ya fi tsibi. A gefe ya ware ƙwaya biyu da suka fito daga ɓangaren rufin da ke ƙarƙashin inuwar mangwaro, rubutunsu na karantuwa.

"Waɗannan zan saya. Sauran sai dai maƙera, a kan sikeli. Shawarata, ka mayar da su inda ka ciro su, can suke da amfani."

Enoch bai gaya masa cewa ramukan rufin yanzu sun fi kwabban faɗi ba. Kunya ta kama shi, ya karɓi abin da aka ba shi. Kuɗin bai kai na fallen kwano biyu ba, tampol ya saya, na hannu, ya shiga motar Kurudu hadari na haɗuwa ta gabas.

Ya tarar da Mama Naomi zaune a bakin gado, ta tattara tufafinta cikin buhu, ta jera robobi da tukwane a ƙasa. Rufin ya koma kamar rariya. Ta dubi tampol ɗin da ke hammatarsa.

"Shi ne sabon rufin?"

"Na ɗan lokaci ne, Mama."

"Babanka fa ba wawa ba ne, Enoch," ta ce, tana matsar da roba da ƙafa. "Da kuɗi ne, kana jin zai bar shi a waje ruwa yana duka?"

Ta ɗauki buhunta ta nufi gidan maƙwabta. Ta ce in ya gama ɗaurawa ya rufe mata ƙofa.