Kwamfutar da Mama Ta Tono a Michika

Shekara tara kwamfutar Baba ta yi a ƙarƙashin rumbu, cikin buhun taki da leda uku. Shi ya binne ta ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Michika, kuma bai iso Yola da rai ba. Yayana Othniel ya koma nemansa a hanya. Shi ko gawarsa ba mu gani ba.

Bana masu neman waɗanda suka ɓata suka buɗe rajista a Jimeta, suka ce kowa ya kawo hoto kafin Juma'a. Ba mu da ko ɗaya, duk sun ƙone tare da gidan. Mama ta hau mota ta je ta tono kwamfutar, ta ajiye ta a gabana a ɗakinmu na haya a Jambutu.

"Hilda, ke ce mai difloma a kwamfuta."

Na kunna. Allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Ba ni da kayan aiki, sai na ɗauke ta zuwa shagon Bappayo mai gyara a kasuwa.

"Adda, wannan ai kakata ce," in ji shi, yana kirana yaya da Fulatanci. "Fomatin za a yi. Minti arba'in ta dawo amarya."

A layin nan kowace cuta maganinta ɗaya ne: a share komai, a zuba sabo. Kafin in yi magana har ya soka filashinsa. Na riƙe masa hannu.

"Cire."

"Me ke ciki? Takardar fili?"

"Yayana."

"Ikon Allah! 'Yar gudun hijira za ta koya mini aikina?"

"Hijira na yi, ba makaranta na gudu ba. Ara mini sukudireba da benci."

Maƙwabtansa suka kwashe da dariya, ya miƙo mini yana tsaki.

Na so in cire faifan ajiyar in karanta shi a wata na'ura, amma tsohon yayi ne, duk layin babu wayar da ta dace da shi. Na shiga shafin saiti. Agogonta na nuna Janairun 2008. Nan na gane: ƙaramin batirin ciki, mai kama da kwabo, ya mutu a cikin ƙasa, saitin duk ya rikice, har ta manta yadda take karanta faifanta. Na ciro wani batir daga wata matacciyar kwamfuta na saka. Na riƙa canza saitin ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta kowanne a bayan kwali. Gumi na ɗiga a kan madannai. Bappayo ya tafi sallar azahar ya dawo, ya ajiye mini ruwan leda.

A canji na shida ta buɗe.

Sai faifan ya fara ƙara, ƙas, ƙas, ƙas.

"Adda, yi sauri," in ji Bappayo, ya miƙo filashin. "Wannan ƙarar ba ta daɗewa."

Na sami hotunan Kirsimetin 2013. Na farko Baba ne da babbar rigarsa a ƙofar coci. Na bakwai Othniel ne, yana riƙe da akuya, fuskarsa ta fito sosai. Kowane hoto sai ya yi minti kafin ya motsa. Na tsallake Baba, na ja na Othniel zuwa filashin. Yana gama shiga, allon ya daskare. Na kashe na kunna har la'asar, faifan bai sake juyawa ba.

Bappayo ya wanke hoton a shagon maƙwabcinsa. Na kai wa Mama. Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"Ya yi kyau. Za su gane shi." Ta ɗago kai. "Babanku fa? Yana ciki?"

"Yana ciki, Mama. Na gan shi."

"Ina nasa?"

"Ɗaya kawai kwamfutar ta ba ni. Na ɗauki wanda ake nema."

Ta sa hoton cikin Littafi Mai Tsarki, ta ce in goge mata zanen da za ta ɗaura ranar Juma'a.