Akwatin da Na Kwantar a Firji

Yayana matuƙin jirgin sama ne, ni kuma injiniyar na'urorin jirgi, kamfaninmu ɗaya. Rigimar ta faro ne daga wani ɗan akwati da ke lura da zafin injin, yana nuna wa matuƙi a allo. Yaya ya ce suna cikin tafiya allon sai ya ɗauke ɗif, can ya dawo. Mu kuwa duk gwajin da muka yi a teburinmu, akwatin lafiyarsa ƙalau.

Tun ana ƙus-ƙus har manaja ya fito fili, wai idon Yaya ne ya fara gajiya. Aka hana shi tashi sai likita ya duba shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da tun muna yara yake hango ni daga ƙarshen layi in na guje wa aike!

Yaya ya shigo ɗakin gwaji fuska a murtuke.

"Yaya, daidai yaushe yake ɗaukewa?"

"Auta, na gaji da maimaitawa. Sai mun lula can sama, lokacin da nake jawo rigar sanyi."

Rigar sanyi! Ni kuwa ina nan ina gwada shi ina sharce gumi.

Na naɗe akwatin a leda, na kwashe kwanukan mutane daga firjin ofis, na cusa shi wajen ƙanƙara. Manaja ya tarar da kwanonsa a bakin taga.

"Injiniya, lafiya kuwa?"

"Ranka ya daɗe, mara lafiya na kwantar."

Da ya yi sanyi ƙarara na ciro shi, na jona masa wuta da allon gwaji, na ɗora mita a sashen da ke raba lantarki. Allurar ta yi rawa, ta faɗi. Allon ya ɗauke ɗif a gaban manaja. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na gano dalma ce ta tsage a mahaɗar wata waya, tsagar ba ta kai gashi ba. Sanyi ke buɗe ta, ɗumi ya rufe.

Na narka sabuwar dalma na liƙe, na mai da akwatin cikin firji, da ya yi sanyi na sake jonawa. Allon ko gezau. Daɗi ya kashe ni har na buga tebur.

Manaja ya cire tabarau ya goge. "Kyaftin, gobe kana da tashi."

Yaya ya dube ni, idon nan da aka ce ya gaji ya cika da ƙwalla.

"Auta," ya ce, "duk aiken da kika guje wa, na yafe."