'Yan Sikawut a Lambun Hajiya Sakinatu

A bakin get ɗin gidan Hajiya Sakinatu, cikin Nassarawa, aka ƙulla cinikin, ranar wata Laraba bayan La'asar. Malam Maharazu, wanda ke kula da ƙananan 'yan sikawut na wata makarantar kuɗi da ke bayan layin, shi ya zo da buƙata. Makarantarsu ta shafe filinta kaf da siminti, ko turke ba a iya kafawa, ga yara goma sha huɗu ya yi musu alkawarin kafa tanti da hura wuta ranar Asabar.

"Baba, wuni ɗaya kawai. Kafin Magariba ko sawunmu ba za ka gani ba," ya ce wa mai lambun gidan.

Ja'afaru mai lambu ya daɗe yana sosa gemu. Mutumin ƙauyen Ringim ne, shekararsa ashirin da uku a gidan, tun marigayi Alhaji na da rai. Hajiya ta tafi Umara, ranar Talata za ta dawo, kuma da za ta shiga mota cewa ta yi kada ta tarar da tsinken ciyawa ɗaya a lambun baya. To ruwa ya yi kwana uku yana zuba, ciyawa ta tashi kamar an yi mata kirari. Abin da Hajiya ba ta sani ba, tun azumin bara gadon bayan Ja'afaru ya daina sunkuyawa. A tsaye yake ban ruwa, a tsaye yake aske shinge, in an zo aikin ƙasa sai ya yi ta jan lokaci. Ya kuwa san ranar da maganar ta fita, aikin zai tafi, ɗakinsa na bayan gida ya bi shi.

"Malam, na ji an ce yaran nan naku kullum sai sun yi aikin alheri?"

"Ƙwarai. Ka ga ɗankwalin da suke ɗaurawa a wuya? Da safe kowa zai ƙulle bakinsa. Ba ya kwancewa sai ya taimaki wani."

"To ga wanda za a taimaka a gabanka. Ku kafa tantinku, ku cire mini ciyawa. Bayana ne ya ƙi, amma wannan tsakanina da kai ne."

Suka tafa. Kowa ya juya yana ganin shi ya ci kasuwar.

Ranar Asabar da hantsi motoci suka yi ta sauke yara, maza da mata, 'yan shekara bakwai zuwa goma, kowanne da hula da gorar ruwa. Suka jeru, suka ɗaga yatsu biyu a goshi suka gaishe da Ja'afaru kamar wani hafsa. Shi dai ya amsa, yana kallon hannuwansu. Hannuwa ne da ba su taɓa riƙe abin da ya fi cokali nauyi ba.

Wata yarinya mai gilashi, Rahma, ita ce shugabar rukuninsu, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Baba, me ya sa kai ba ka cire ba?"

"Tsufa, 'yar nan. Bayan ba ya lanƙwasuwa."

Ya faɗa ne kamar yadda ake sallamar yaro, bai kawo komai a ransa ba.

"To yaya za mu gane ciyawa?"

Nan Ja'afaru ya yi abin da ya kashe shi. A ƙauyensu yaron da aka yaye jiya ma ya san tsidau, ya san aya-aya, babu mai tambaya. Ya ga zagayawa da su gindi-gindi wahala ce, sai ya yanke musu gajeriyar hanya.

"Mai fure ku bari. Marar fure ku tuge shi har saiwa."

Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya kunna rediyo, ya kishingiɗa. Malam Maharazu kuwa, ɗan birni, haifaffen Tudun Murtala, igiya da tanti ya sani, bai san ganye ba. Yana can yana fama da turaku.

Ƙamshi ne ya tashi Ja'afaru. Ƙamshi mai daɗi, kamar an dafa wa unguwa guda shayi. Ya buɗe ido ya hangi hayaƙi fari yana tashi daga wutar da yaran suka hura, sun zagaye ta suna waƙa, suna jefa ciyawar da suka tara.

Ya miƙe da dafa jikin mangwaron, ya zagaya bayan kicin. Kwamin na'ana'a babu komai sai ƙasa, an share ta tas har da sawun tsintsiya. Na'ana'ar nan marigayi Alhaji ne ya zo da irinta daga Madina a cikin jiƙaƙƙen hankici. Shekara goma sha ɗaya Hajiya ba ta shan shayi sai da ita. Gefe kuma ga tsidau nan ya baje da 'yan furanninsa rawaya, an kewaye shi da duwatsu, har an ba shi ruwa.

Yaran suka zo da gudu suna nuna masa ɗankwalayensu. Duk sun kwance ƙullin.

Ja'afaru bai yi faɗa ba. Wa zai yi wa? Ya ja Malam Maharazu gefe.

"Malam, ragon maƙwabta ne ya shigo. Ka ji ko?"

"Baba, rago ba ya shara in ya gama ci."

"Wannan ka bar mini."

"Ni ba zan je in faɗa ba. Amma sai na gaya wa yaran abin da suka ƙona. Haka dokarmu take, wanda ya yi ɓarna a sanar da shi."

"Dokarku ta ci gidanku," in ji Ja'afaru a hankali, yadda yaran ba za su ji ba.

Kwana uku yana gyara labarin rago. Ya zaɓi launinsa, ya zaɓi inda ya tsallako, har ya sassauta waya ɗaya a shinge.

Hajiya ta iso Talata da azahar. Da La'asar, tana zaune a baranda ana ta zuwa yi mata barka da dawowa, Ja'afaru ya tsaya daga gefe yana jiran mutane su ragu. Sai aka ƙwanƙwasa get. Yara goma sha huɗu ne cikin kayan sikawut, kowanne riƙe da gwangwanin madara, a ciki an dasa reshen na'ana'a da aka tsinko daga gidajensu. Malam Maharazu na bayansu, kansa a ƙasa. Ɗankwalayen duk a ƙulle.

Rahma ta matso ta durƙusa.

"Hajiya, sannu da zuwa. Mu ne muka ƙona miki na'ana'a. Ba da gangan ba ne. Kada ki yi wa Baba faɗa, bayansa ne ba ya lanƙwasuwa, shi ya sa muka taimake shi."

Hajiya ta ajiye kofin zamzam ɗin da ke hannunta. Ta kalli gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kalli Ja'afaru.

"Wace na'ana'ar?"

"Ta bayan kicin, ranki ya daɗe."

Baƙin suka fara gyara mayafi.

"Tun yaushe bayan?"

"Tun azumin bara."

"Shi ya sa kake sallah a kan benci ka ce gwiwa ce."

Ragon da Ja'afaru ya kwana uku yana kiwo a ransa ko get bai shigo ba.

Ta sa aka raba wa yaran dabino, ta ce su jera gwangwanayen a bayan kicin. Suna fita daga get suka shiga kwance ƙulli, suna tsalle.

Bayan sati aka kawo wani saurayi, Sagiru, daga masu sayar da furanni na Badawa, aka miƙa masa almakashi da tiyo. Ja'afaru aka bar masa ɗakinsa, aka ce ya zauna a get da rana yana buɗe wa motoci. Daga bencin yana hango Sagiru yana yi wa shingen askin da bai dace ba, ba kuma a tambaye shi ba.

In aka zo rabon riba, Malam Maharazu ne ya fi kowa, don Hajiya ta ce yaran da ke faɗin gaskiya irin haka su riƙa zuwa duk Asabar. Yaran an liƙa musu lambar taimako a hannun riga. Sagiru ya sami aiki bai nema ba. Hajiya ta yi asarar na'ana'ar mijinta, ta gwangwanin ta kama amma ta ce ƙamshin ba ɗaya ba ne. Ja'afaru ya tsira da ɗaki, ya rasa lambu, kuma duk Asabar shi ke tashi ya buɗe wa 'yan sikawut get, su ɗaga masa yatsu biyu su wuce.