Tofi a Kan Ma'aunin Ƙura

'Yata Nana Firdausi tana aiki a wata cibiya a nan Dubai. Ma'auni suke haɗawa, wanda za a ɗora a kumbo a harba sama. In kumbon ya riski tauraruwa mai wutsiya, ƙurar jikinta za ta faɗa kan wani ɗan faranti, ya faɗi nauyin kowace ƙwaya da gudunta. Farantin aikin hannunta ne. Ƙuruciyarta duk a kansa ta ƙare.

Ni takalma nake saye a kasuwar Naif ina turawa Kano. Da aka ba iyalan ma'aikata izinin ganin ma'aunin kafin a rufe shi, na ce da yayana Malam Muhyiddeen za mu, don ya zo asibitin ido yana wurina.

"Baba, mutum ɗaya aka ce," in ji ta.

"Ba na shiga wuri in bar yayana a ƙofa."

Ta nemo izini.

Aka sa mana fararen riguna da hula da takunkumi. Yaya ya ce, "Ke Nana, likkafani tun muna numfashi?" Ta yi dariya. Ta buɗe murfin ma'aunin, ta ce kada a taɓa.

Bai taɓa ba. Ya ce, "Wannan ɗan abin ne zai yi tafiyar da ba dawowa?" Ta ce shi ne. Sai ya ja takunkumin ƙasa, ya yi addu'a, ya tofa, yadda yake yi wa duk matafiyin gidanmu.

Shugabanta ne ya yi ihu. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Yawun ya ɓata farantin. Kafin a wanke a sake gwaji ranar harbi ta wuce, tauraruwar kuma ba za ta dawo ba a rayuwar kowa a cikinmu. Aka ɗora ma'aunin wasu. Ita aka sallame ta, aka soke bizarta, don ita ta kawo baƙon.

Yaya ya koma gida yana faɗa wa mutane ya sa wa kumbo albarka. Ban gyara masa ba. Yayana ne.

Jiya Nana ta kawo akwatunanta kasuwar Murshid Bazaar a haɗa da kayan da zan tura Kano. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Ba wani aikin irinsa?"

"Babu, Baba."

"To me za ki yi a Kano?"

Na ce wa masu ɗaurin kaya su fara da nata.