Keken Mai Faranti

Tun ranar da ɓarin jikin Mai Faranti ya shanye, duniyar matarsa ta dawo ɗaki ɗaya. Kuma wai matar da unguwa ke kira Sauri-Sauri! Ita ce fa a da in ta ɗora kwandon sabulu a ka, kafin rana ta take ta zaga rabin gari, tana tafe tana ciniki tana yi wa masu babur tsiya. Yanzu tafiyarta daga bakin gado ce zuwa bokiti, daga bokiti zuwa murhu, sai igiyar shanya. Ba ta isa ta yi nisa ba, don mutumin in ya ƙware da miyau ko ya zame daga matashi, ba shi da muryar kiran kowa. Tagar ɗakin kuwa bangon maƙwabta take kallo.

Abu ɗaya ke fitar da ita, keken guragun da ɗansu ya aiko daga inda yake aiki, kafin ya ɗauke ƙafa ya koma sai waya jefi-jefi. Ran Lahadi takan yi wa mijin wanka, ta sa masa farar rigarsa, ta ciccibe shi ta ɗora, ta tura su tafi coci. Ba ta bin gajeriyar hanya, Allah ya kiyaye. Ta gaban kanikawa take bi, ta ratsa bakin kasuwa, ta tsaya a gaisa da duk wanda ya yi kuskuren kallonta. A coci matan zumunta su karɓe shi, ita kuma ta zauna ta miƙe ƙafa, ta buɗe maƙogwaro ta yi waƙa har jijiyar wuyanta ta fito. Da wannan fitar take jure sauran kwanakin mako.

Shi kuwa sunan ya samo shi ne daga shekarun da ya yi yana zagawa da farantin baiko a coci, masu ibada na jefa sadakarsu, layi-layi, takalmi a goge, fuska a ɗaure kamar mai karɓar haraji. Yanzu ɗan abin da ke shigowa gidan a magani yake ƙarewa. Sabon mai zagawa da farantin, don tausayi, in ya zo kansa sai ya yi murmushi ya tsallake. Tana ganin yadda mijin ke bin farantin da ido har ya ɓace, kuma ta san abin yana cinsa.

Wata Lahadi ana cikin waƙa, matar da ke share cocin ta shigo a makare, goye da 'yarta. Yarinyar ba yarinya ba ce kuma, budurwa ce, shanyayyun ƙafafunta na reto har ƙwaurin uwar. A matakalar ƙofa bayan matar ya riƙe. Ta durƙusa a wurin, ta kasa tashi, 'yar na bayanta tana ɓoye fuska don kunya, sai da maza suka zo suka ɗaga su. Mai Faranti ya karkata wuya yana kallo, bai ɗauke ido ba har aka zaunar da su.

Da faranti ya zo zai wuce, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya daki hannun keken. Ya sake duka.

"Wan… nan," in ji shi.

Mai zagawar ya tsaya yana 'yan dube-dube. Sauri-Sauri kuwa, da ta san ma'anar kowane gurnani na mijinta, ba ta buƙaci fassara ba. Ta gane sarai. Sai ta miƙe ta kama keken ta ce, "Fitsari yake ji, ɗana, wuce abinka." A cikin ɗakin Allah fa ta shirga wannan ƙaryar, ko idonta bai ƙifta ba. Ta juya shi suka fice, kuma ranar ta gajeriyar hanya suka koma.

Tana kwantar da shi ya nuna keken da haɓa. "Ya… rinya."

"Ban ji ba."

"Ya… rin… ya."

"Na ce ban ji ba, Maigida! Kurma ce ni yau."

Ya juya fuska bango. Ta kawo abinci, ya datse baki. Washegari ma haka, sai ɗan ruwa da magani, su ma da faɗa. Ta zo ɗora shi a keken don ya sha iska a bakin ƙofa, ya sandare mata, ya riƙe ƙarfen gado da hannu ɗayan nan kamar za a kai shi yanka. Mutum rabinsa a mace, amma taurin kan nan ko ƙwarzane ciwon bai yi masa ba.

A rana ta uku haƙurinta ya ƙare. Ta dire kwanon ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Wai kai waliyyi ko? To bari ka ji. Kai kana kwance ko da keke ko ba keke. Ni ce zan ruɓe a ɗakin nan! In keken nan ya fita, da me zan kai ka coci? A ka zan ɗauke ka kamar kwandon sabulu? Ko in kulle ka in tafi, in dawo in tarar da gawa? Ba keke kake son bayarwa ba, ƙafafuna kake son sa wa Allah a faranti, kuma ko tambayata ba ka yi ba!"

Ta zaci zai yi gurnanin fushi. Sai ta ga hawaye na gangara ta gefen idonsa yana shiga kunne. Bakin ya yi ta kokawa kafin maganar ta fito.

"Na… sani."

Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Ba ni… da… komai. Sai… kin… yarda."

Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ashe ya san abin da yake roƙo, kuma ya jefo mata shi a cinya. In ta ce a'a, za ta ci gaba da tura shi duk Lahadi su wuce matar nan da goyonta, yana kallo, ita ma tana kallo. In ta ce to, ƙofa ta rufe. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon, ta yi kuka mai cin rai, na haushinsa, da haushin ɗansu, da haushin mai sharar da ba ta yi mata laifin komai ba. Fasto kullum cewa yake a bayar da murna. Ta lalubi zuciyarta kaf, ba ta sami murna ko ta ƙwayar gero ba.

Da safe ta roƙi maƙwabciyarsu tela ta ɗan zauna da shi. Telar ta ce, "Mama, don Allah kar ki daɗe, ɗinki ya yi min yawa." Sauri-Sauri ta goge keken tas, ta ɗiga wa tayoyin mai, ta cire tsohon matashin da ke kai ta sa sabo. Mijin na kallonta, ita kuwa ta ƙi kallonsa.

Keke ba kowa a kai ba shi da nauyi, sai ga tsohuwar tafiyar ta dawo mata, har kanikawa na ihu, "Mama, ina Baba? Ko ya faɗi a hanya ba ki sani ba?" Ta wuce abinta.

Ɗakin mai sharar a ƙarshen wani lungu yake. Tana ɗaga labule ta ji warin da ta sani, na ɗakin da ake jinya ba a fita. Ga bokiti a inda nata yake, ga tsummokara a kan igiya. Budurwar na kwance a tabarma, uwar na zaune ta ɗaure ƙugu da ɗankwali. Da matar ta ga keken, ta ga ba kowa a kai, sai ta dafe ƙirji.

"Mama! Baba ya…?"

"Yana nan da ransa, yana ba ni wahala. Shi ya ce a kawo wa 'yarki."

Matar ta girgiza kai, ta ja baya. "A'a, Mama. Ku fa? Ke da me za ki riƙa fita?"

"Ke, karɓi tun zuciyata ba ta sauya ba. Ba da fara'a na kawo ba, gara ki sani. Kama mata ƙafafun, ni in kama kafaɗa."

Suka ɗora ta. Yarinyar ta dafa tayoyin a tsorace, ta tura kaɗan, keken ya motsa. Ta sake turawa da ƙarfi, ta ture labulen da goshi, sai ga ta a tsakiyar lungu cikin rana, tana ƙyafta ido tana dariya, ba kowa a bayanta. Uwar ta zube tana godiya tana kuka. Sauri-Sauri ta ce a bar wannan, ta nuna musu yadda ake kama birki, ta juya.

A mararraba ta tsaya. Ga hanyar kasuwa can, cike da hayaniya da mutanen da ta sani. Ta daɗe tana kallonta, hannuwanta na reto ba abin riƙewa. Sai ta tuna telar na jira, ta bi gajeriyar.

Telar na ganinta ta fice. Wurin da keken ke tsayawa ya zama fili, ɗakin ya ƙara faɗi ba amfani. Mijin ya kafe ta da ido.

"Na kai," ta ce. "Da hannunta ta tura kanta waje. To buɗe bakin."

Ya buɗe. Tana ba shi tana share masa haɓa, har ya cinye. Da ta gama ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu, ta ɗaga kai ta dubi ɗan siririn saman da ke tsakanin rufinsu da na maƙwabta.

"Ubangiji, ka ga nasa," ta ce. "Nawa kuma ka san shi. Ban iya yi maka murmushi a kai ba, karɓi hakanan."

Mijin ya yi gurnani daga ciki, hasken yana damun idonsa. Ta shiga ta turo ƙofar.