Akwatin da Bai Daina Rawa Ba

Kafinta ya rasu ya bar wa matarsa akwatunan lasifika biyu da ya haɗa da hannunsa, da kaset ɗaya mai muryarsa. Ba wata maganar kirki ce a kaset ɗin ba. Gwajin rikoda yake yi. Ya yi tari, ya yi faɗa kan an bar ƙofa a buɗe, sannan ya kwashe da dariyar nan tasa mai kauri. Akwatunan kuwa da ragowar katakon ƙyaure ya yi su, don shi mutum ne da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa. Katakon ba kauri, da zarar muryar ta yi ƙasa sai duk jikin akwatin ya ɗauki rawa.

Wannan rawar ita ce rabon babbar 'yarsu, wadda kowa ke kira Yaya. Kurma ce tun haihuwa. Kullum da yamma uwar za ta sa kaset, Yaya ta ɗora tafin hannu kan katako. In an zo wurin dariyar, ita ma sai ta yi.

Ran nan matar kafinta ta dawo daga kasuwa ta tarar da ɗanta, wanda ake wa laƙabi da Injiniya, zaune a falo cikin garin katako. Ya buɗe bayan akwati ɗaya, ya tokare cikinsa da sanduna, ya malala gam, ya cusa soso.

"Wa ya aike ka?"

"Gyara na yi, Inna. Akwatin kirki ba ya rawa, ɓata sauti yake yi. Gobe sai ɗayan."

"Gyaran gangar auzinawa dai! 'Yar'uwarka fa? Da me za ta ji ubanta?"

"Inna, maganar sauti ake yi. Yaya ai ba ta ji."

Da ba don daga cikinta ya fito ba, da ta zagi uwar da ta haife shi.

Shi ya kawo shawarar gwaji. Za a ɗaure wa uwar ido, ya kunna akwatunan ɗaya bayan ɗaya. In ta gane wanda aka taɓa, zai ƙyale ɗayan. In ta kasa, ta ba shi hanya. Har maƙwabcinsu tela ya kira ya zama shaida. Ta yarda don haushi. Mutumin da ta zauna da shi tun tana yarinya, a ce ba za ta gane an shaƙe masa wuya ba?

Aka ɗaure mata ido da ɗankwalinta. Tarin ya fito, faɗan ƙofa ya biyo, dariya ta biyo. Ta ce wannan ne. Aka sake, ta ce a'a, wancan ne. Ta kasa kunne har kanta ya yi ciwo, amma duk inda muryar ta fito mijinta ne, ba ragi ba ƙari. Tela ma ya gwada, ya ce shi dai kowanne ya ji, Kafinta ke masa faɗa.

"Kin gani?" in ji Injiniya, ya ɗauki sukundireba. "Ba mai jin bambanci."

"To, ɗan nema, in ba mai jin bambanci, me ya kai ka? Ka lalata abu don kunnen da bai ji komai ba?"

Tela ya soma duban silin.

Ta shiga ɗaki ta jawo Yaya, ta yi mata bayani da hannu. Yaya ta dubi garin katakon da ke ƙasa, ta dubi ƙaninta. Ta karɓi ɗankwalin ta ɗaure idonta da kanta, ita da ido ne kaɗai hanyarta zuwa ga mutane.

Uwar ta ɗora mata hannu kan akwati na farko, aka kunna. Yaya ta jira. Ta matsar da tafin sama, ta dawo da shi gefe, tana lalube kamar mai neman numfashi a ƙirjin marar lafiya. Dariyar ta zo ta cika falon ta wuce, fuskarta ba ta motsa ba. A na biyu kuwa, tun daga tarin ta rungume akwatin da hannu biyu.

"Wannan ai taɓawa ce, ba ji ba ne," in ji Injiniya, amma muryarsa ta yi sanyi. "Ba haka ƙa'idar take ba."

"Ƙa'idar gidanku! Buɗe wancan ka mayar da shi yadda ubanka ya bar shi."

Ya duƙa ya gwada. Gam ya riga ya kama. Da ya matsa wa sandar, sai katakon ya fara tsagewa, dole ya saki.

Matar kafinta ta fizge sukundireban ta soke a ƙugunta. Ta kama gefe ɗaya na akwatin da ya rage, Yaya ta kama ɗayan, suka nufi ɗakin Yaya da shi. Injiniya ya miƙe zai taimaka.

"Kar ka taɓa," in ji ta. "Kai dai jawo mana wayar akwatin, ka bi a hankali."